Kujerun fata a mota: tambayoyi da amsoshi kan kula da su da gyaransu

Yawancin kujerun fata ba tsufa ne ke lalata su ba. Datti ne, da zafin rana, da kuma kulawar da ake yi musu da kyakkyawar niyya amma da abin da bai dace ba. Ga tambayoyin da masu mota suka fi yi, tun daga wanki har zuwa ɗinki.

Wace irin fata ce a kan kujerun mota?

A kusan duk motocin zamani fatar shanu ce. Bayan an jeme ta an rina, sai a fesa mata launi a sama, sannan a rufe launin da wani siririn shafi na roba da ake ganin launin ta cikinsa, yawanci na foliyuretan. Wannan shafin ne hannunka ke taɓawa, shi wandonka ke goga, a kansa ruwa ke sauka. Fatar kanta tana ƙasa, kaurinta bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ya riƙe wannan magana ya amsa rabin tambayoyin da ke biye da kansa: abin da kake kula da shi fenti ne mai laushi da ke zaune a kan fata, kuma duk abin da zai ci fenti ko ya kankare shi, maƙiyin kujerarka ne.

Akwai fatar da rini kawai aka yi mata babu shafi, ana kiranta anilin, da kuma wadda aka yi wa shafi kaɗan. Ana samun su a tsofaffin motoci na da, da wasu masu tsadar gaske. Gwajin mai sauƙi ne: ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan ya tsaya a dunƙule, fatar mai shafi ce. Idan ya nutse ya bar duhu a wurin, to babu shafi, kuma irin wannan tana son kayan da aka yi domin ita kaɗai.

Ta yaya zan gane fata ce ta gaske ko leda?

Ido kaɗai ba ya isa yanzu, domin ledar zamani ta yi kyau ƙwarai. Mercedes na da MB-Tex, Toyota na da SofTex, Lexus na da NuLuxe, BMW na da Sensatec, duk ba fatar dabba ba ce. Ka zura hannu ƙarƙashin kujera ka nemo bakin rigar inda aka yanke ta. Bayan fata gashi-gashi ne, mai kaushi. Bayan leda yadi ne saƙaƙƙe. Haka kuma idan ka danna yatsa a fata, ƙananan tamoji kan bazu kewaye da yatsan, leda kuwa lotsawa kawai take yi.

Kada ka yi mamaki idan ka tarar da duka biyun a kujera ɗaya. Kamfanoni da yawa suna sa fata a inda jiki ke taɓawa, gefuna da baya kuma leda mai launi iri ɗaya. Wajen wanki babu wani bambanci sosai, bambancin yana fitowa ne lokacin gyara.

Kujerata tana ƙyalli sosai. Ai wannan alamar lafiya ce ko?

A'a. Sabuwar fatar mota ba ta ƙyalli, dishi-dishi take, kuma hannu ba ya zamewa a kanta. Ƙyallin da kake gani a kujerar direba da sitiyari gumi ne da maiƙon jiki da man shafawa da ƙura, sun cika 'yan ramukan zanen fatar, zama da tashi kuma suka goge su har suka yi santsi. Ka kwatanta kujerar direba da tsakiyar kujerar baya, inda ba a cika zama ba, za ka ga yadda motar ta fito daga kamfani.

Illar ba ta tsaya ga muni ba. Ƙurar da ta maƙale a maiƙon tana zama kamar samfefa, duk motsin da ka yi sai ta ci shafin kaɗan. Gishirin gumi da maiƙo kuma suna tausasa shafin har ya fara danƙo. Shi ya sa a ganina wanki ya fi kowane mai da ake tallatawa amfani.

To yaya ake wanke ta yadda ya kamata?

A ajiye motar a inuwa, a bari kujerun su huce. A kan fata mai zafi, sabulu bushewa yake yi kafin ya yi aiki, sai ya bar zane.

Da farko a zuƙe ƙura da na'ura, a sa mata baki mai gashi, a buɗa tsakanin mazauni da majingina da duk layukan ɗinki, domin nan yashi ke ɓuya. Wanda ya tsallake wannan mataki ya fara goga da tsumma, da yashi yake goge kujerarsa. Daga nan a ɗauko sabulun wanke fatar mota, a zuba a kan burushi mai laushi ko soso, ba a kan kujerar ba. A murza har ya yi kumfa, a bi wuri ɗan kaɗan, kamar faɗin tafin hannu biyu, ana zagayawa ba tare da dannawa ba. Kumfar ce ke ɗago dattin, za ka ga ta koma ruwan toka ko ruwan ƙasa. Kafin ta bushe a share ta da tsumma mai laushi na maikrofaiba, a juya tsumman zuwa gefe mai tsabta a kai a kai. A bi da wani tsumman da aka jiƙa da ruwa aka matse sosai, sannan busasshe. A bar ƙofofi a buɗe iska ta ƙarasa.

Idan datti ya yi kauri, gara a maimaita sau biyu ko uku a hankali da a dirje shi sau ɗaya da ƙarfi. Kuma kowane sabon abu za ka sa, gwada shi tukuna a ɓoyayyen wuri da farin tsumma. Idan launin kujerar ya fito a tsumman, tsaya nan.

Ba zan iya amfani da omo ko sabulun wanka ba?

Fatar da aka jeme tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke hawa idan abu ya yi nesa da tsami, tana tsakanin 4 da 5 ko kusa da haka. Sabulun sanda yana wajen 9 zuwa 10, bilic ya haura 11. Irin waɗannan suna raunana shafin, idan kuma suka ratsa ta tsaga ko ramin allura suka isa fatar, sai su busar da ita ta yi tauri. Ba a rana ɗaya ake ganin illar ba, shi ya sa mutane ke cewa ai sun daɗe suna yi ba abin da ya faru.

Waɗanda illarsu take nan take su ne fetur, kananzir, tina, ruwan goge jan farce da ruwan wanke gilashi mai ammoniya. Haka farin soson nan da ake goge bango da shi, mai cire tabo kamar sihiri. Yana cirewa ne domin kankara yake yi, da tabon da shafin yake tafiya tare. Tsumman goge jarirai ma ba don fata aka yi shi ba.

Idan babu sabulun fata a kusa, ruwa mai ɗumi da tsumma mai laushi suna yin aiki fiye da yadda ake zato. In ya zama dole, ɗigo biyu na sabulun ruwa maras ƙarfi a cikin kofi guda na ruwa, a kuma ɗauraye da kyau.

An ce in riƙa shafa mata basilin ko man zaitun don kada ta bushe. Gaskiya ne?

Wannan shawara daga takalmi da jaka da sirdi aka ɗauko ta, inda fatar a buɗe take tana shan mai. Fatar mota mai shafi ba ta shan sa. Man zai zauna a sama, ya kama ƙura, ya ɓata tufafi. Wanda ya samu hanya ta ramin ɗinki ya shiga ciki kuma yana iya ɗaga fentin daga ƙasa, ga shi man girki yana yin wari idan ya daɗe cikin zafi. Mafi ciwo, duk ranar da aka zo gyara, sabon fenti ba ya kama fatar da ta sha mai, sai an sha wahalar zuƙe shi. Man goge takalmi ma haka, ƙari da cewa zai koma jikin rigarka.

Abin da ke da amfani shi ne ruwan kariya na fatar mota, wanda aka haɗa da ruwa ba da mai ba. Yana barin wani siririn rufi da ke rage gogayya, yana hana rini da datti kamawa. Ana shafa shi kaɗan bayan wanki, a goge ragowar. Idan bayan ya bushe kujerar tana santsi ko ƙyalli, an yi yawa ko kuma ba mai kyau ba ne. Man tausasa fata yana da wurinsa a fatar anilin da tsohuwar fatar da shafinta ya riga ya buɗe.

Sau nawa ya kamata a yi?

Zuƙe ƙura da sharewa da ɗanyen tsumma, mako-mako ko bayan mako biyu. Wanki sosai da shafa kariya, bayan kowane wata uku. Fata mai haske da motar da ke ɗaukar mutane da yawa suna son fiye da haka, musamman kujerar direba.

Me rana ke yi wa kujera?

Abu biyu: haskenta yana kashe launi, zafinta yana busar da fata har ta ƙanƙance. A wani bincike da masana daga Jami'ar Jihar Arizona a Amurka suka fitar a 2018, motar da aka ajiye awa ɗaya a rana, a yinin da zafin waje ya kai kusan digiri 38, dashbod ɗinta ya kai digiri 69, sitiyari 53, kujeru 51. Wadda aka ajiye a inuwa kujerunta sun tsaya a wajen 41. Wannan bambancin, idan ya maimaitu kullum na shekaru, shi ne ke raba kujera mai laushi da wadda ta bushe ƙayau.

Gilashin gaba falle biyu ne aka manne da roba a tsakiya, yana tare mafi yawan haske mai ƙona fata. Na gefe yawanci ba haka suke ba, shi ya sa kafaɗar kujera ta wajen taga da saman kujerar baya suke fara koɗewa. Maganin ba tsada: inuwa, marufin gilashi mai ƙyalli, da tinti mai kyau a inda doka ta yarda. Dashbod mai rufin fata idan ya ƙanƙance ya ɗago daga gefe, ba ya komawa da mai, sai an sake rufe shi.

Me ya sa gefen kujerar direba ke fara lalacewa?

Domin a kansa ake zamewa a shiga, a kansa ake murzawa a fita, sau da yawa kowace rana. Ƙarafan aljihun wandon jins, zik, makulli da bakin bel duk nan suke bi. Ga kuma soson da ke ciki, wanda idan ya murƙushe sai fatar ta rasa abin da zai tokare ta, ta riƙa naɗewa a layi ɗaya har ta tsage.

Canza yadda ake shiga yana taimakawa ƙwarai. A ja kujera baya kaɗan, a zauna a tsakiya tukuna sannan a shigo da ƙafafu, a fita kuma a ɗaga jiki maimakon a zame. Idan za a gyara wurin, a sa mai gyara ya duba soson. Yin fenti a kan gefen da sosonsa ya mutu ɓarnar kuɗi ce, tsagar za ta dawo a wurin da take.

Farar kujerata ta yi shuɗi-shuɗi. Mene ne wannan, kuma yaya sauran tabo?

Rinin wandon jins ne, ko na wani yadi mai zuba. Yana da sauƙin fita a kwanakin farko da sabulun fata da burushi. Idan ya yi watanni, ya riga ya shige cikin shafin, sai dai a rage shi, ko a sake launi. Don haka masu farar kujera su riƙa dubawa, su kuma dage da ruwan kariya.

Tawadar biro ita ma da sauri ake kama ta. Akwai sandar cire tawada da aka yi domin fata. Idan babu, a tsoma auduga a ɗan sifirit, a ɗan taɓa kan layin tawadar kawai, a ɗaga, a canza audugar, sannan a share da ruwa. Sifirit yana cin fenti, saboda haka da zarar launin kujera ya bayyana a audugar, a daina. Ɗan layin biro ya fi farin tabo mai faɗin kwabo, kada garin neman gira a rasa ido.

Cingam: a sa ƙanƙara a leda a ɗora har ya daskare, a ɓamɓare da gefen katin roba. Jini: ruwan sanyi, domin ruwan zafi dafa shi yake ya kama. Madara, amai ko fitsarin yaro: a tsane nan take ba tare da gogawa ba, a wanke, sannan a bi da ruwan wanki mai sinadarin da ke narkar da irin wannan ƙazanta, musamman a layin ɗinki inda wari ke zama. Maiƙon da ya shiga fata, kamar na gashi a matashin kai, a barbaɗa hoda a bar ta ta kwana ta zuƙe, a maimaita.

Kujeruna masu ƙananan ramuka ne. Akwai wani abu na daban?

Akwai. Ta ramukan nan iska ke fitowa a kujeru masu sanyaya jiki, kuma a ƙarƙashi akwai soso, wani lokaci da wayoyin ɗumama kujera da fanka. Kada a fesa komai kai tsaye, kada a zuba ruwa. Kumfa kaɗan a burushi ta isa. Mai mai kauri idan ya shiga ramukan sai ya bushe ya zama fararen ɗigo-ɗigo, cire shi kuma aiki ne na rami ɗaya-ɗaya da tsinken sakace da na'urar zuƙe ƙura. Bakin kowane rami fata ce tsirara babu shafi, shi ya sa irin wannan kujera ta fi saurin shan tabo.

Ruwa ya jiƙa kujerun, yanzu ga fumfuna da wari. Me zan yi?

Fata jiƙaƙƙiya a hankali ake busar da ita. A tsane ruwan da tawul, a buɗe ƙofofi a inuwa, a sa fanka. Idan aka buga mata zafi ko aka shanya ta a tsakar rana, za ta ƙanƙance ta yi tauri, kuma wannan ba ya gyaruwa. Saman yana iya bushewa alhali soson ciki yana riƙe da ruwa kwanaki, don haka idan jiƙewar ta yi yawa, sai an cire kujerar an kwance rigarta.

Fumfuna kuwa a rufe hanci da baki kafin a taɓa ta, a yi aikin a fili. A share da ɗanyen tsumma don kada ƙurarta ta tashi, a bi da ruwan khal da aka gauraya da ruwa rabi da rabi, a wanke da sabulun fata, a busar sosai. Amma idan ba a gano ta inda ruwan ke shigowa ba, za ta dawo. Wuraren da aka fi samu su ne magudanan rufin da ke buɗewa idan sun toshe, bututun zubar da ruwan AC, da robar bakin ƙofa. Ɗaga kafet ka taɓa ƙasansa. A canza matatar iskar cikin mota, a ajiye gawayin zuƙe wari na 'yan kwanaki. Turare ba ya kashe warin, rufe shi kawai yake yi.

Fatar ta fara tsattsagewa. Zan iya gyarawa da kaina?

Ka fara duba zurfin tsagar da kyau, da fitila idan da hali. Tamojin da ke zuwa da zama ba lalacewa ba ne, haka fata take. Idan layukan sun yi fari ko ruwan toka amma fatar ba ta rabu ba, fenti ne ya tsage, kuma mai haƙuri zai iya gyarawa a gida. Idan ka ja gefe biyu ka ga soso, wannan yagewa ce.

Ga yadda ake yin na farkon. A wanke wurin sosai. A goge da ruwan share fage da ke zuwa cikin kayan gyaran, wanda ke cire maiƙo da tsohon shafi, domin a nan yawancin gyaran gida ke faɗuwa: fenti ba ya zama a kan maiƙo. A bi da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 800, a hankali, har bakin tsagar ya daina kama yatsa. A cike tsagar da manna ta fata mai lanƙwasuwa, da ƙaramar wuƙar roba, siriri-siriri. A busar da kowane shafi da dirayar gashi daga nesa kafin a ƙara wani. Shafi uku ko huɗu sirara sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba, domin mai kauri fashewa yake yi da zarar an zauna. A sake samfefa da mai lamba 1200 har ya daidaita.

Sai launi. Shafin farko da soso ake danna shi ya shiga, sauran a ɗiɗɗiga ko a fesa, ana busarwa tsakani. Kada a tsaya a kan tabon kaɗai, a kai launin har layin ɗinki mafi kusa, yadda ido ba zai ga inda sabo ya haɗu da tsoho ba. A ƙarshe a rufe da shafin kariya maras ƙyalli. A bar kujerar kwana ɗaya ko biyu kafin a zauna, mako guda kafin a wanke.

Launi shi ne mafi wuya. Baƙi ma kala-kala ne, balle ruwan madara da ruwan ƙasa. Lambar launin cikin mota tana taimakawa, amma rana ta riga ta canza kujerarka, don haka ya fi kyau a yanko ɗan guntu daga rarar fatar da ke ƙarƙashin kujera a haɗa launi da shi. A duba shi bayan ya bushe, kuma a hasken rana. Fentin feshi na ƙarfe ko katako ba shi da wuri a nan ko kaɗan, ba ya lanƙwasa, zai farfashe cikin makonni, ya zama gyaran gangar auzinawa.

Yagewa da ƙunar taba fa?

Ƙaramar yaga, wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba, ana yi mata faci ta ciki. A gyara bakinta da almakashi, a yanko yadi mai ƙarfi da ya ɗan fi ramin girma, a zura shi ƙarƙashi da hantsaki, a shimfiɗa shi ba naɗi, a sa gam ɗin fata mai lanƙwasuwa a manne bakin yagar a kansa. Bayan ya bushe sai manna da launi kamar yadda aka faɗa. Gam mai kamawa nan take kada a kusance shi, yana mai da wurin kamar gilashi. Ƙunar taba sai an yanke bakin da ya ƙone ya yi tauri tukuna.

Yaga babba, ko wadda ke inda nauyi ke sauka, ko fatar da ta bushe tana karyewa, faci ba zai riƙe ta ba. Mai kushin zai kwance rigar, ya fitar da wannan ɓangaren kaɗai, ya yanka sabo a kan tsohon ya ɗinka. Sau da yawa wannan ya fi dogon faci kyau da daɗewa.

Ɗinkin gefe ya warware. Kowane tela zai iya mayarwa?

A nan maganar ta wuce ta kyau, ta rai ce. Motoci da yawa suna da jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi hatsari, a cikin gefen majingina na wajen ƙofa, kuma za ka ga alama a wurin. Ɗinkin wannan gefe da gangan aka yi shi ya yage idan jakar ta tashi. Idan aka mayar da shi da zare mai ƙarfi ko aka ninka ɗinki, jakar na iya makara ko ta fita ta wani gefe a ranar da ake buƙatarta. Wannan layin a bar wa wanda ya san aikin kuma yake da kayansa, ko a sayi rigar kamfani.

Haka wajen cire kujera. Wayoyi masu rawayan soket a ƙarƙashi na jakar iska ne. A kashe mota, a cire kan batir, a jira lokacin da littafin motar ya faɗa kafin a zare su. Kujerar mai zaman gaba kuma a motoci da yawa tana da na'urar gane ko akwai mutum a kai, kada a huda ta ko a naɗe ta.

Sitiyarina ya yi danƙo, baƙi yana fita a hannu.

Sitiyari ne ya fi kowane wuri shan gumi, man shafawa, turare da sanitaiza, wadda yawancinta alkohol ne. A bari hannu ya bushe kafin a kama. Idan datti ne, wanki da ƙaramin burushi zai dawo da shi dishi-dishi. Idan baƙin bai daina fita ba bayan wanki, shafin ne ya narke, sai a sake launi ko a sake naɗa fata. Kada a taɓa sa wani abu mai santsi a sitiyari ko kan giya, hannu na iya zamewa a kwana.

Akwai wani yadi mai laushi kamar gashin fata a tsakiyar kujeruna. Shi ma haka ake yi masa?

Wataƙila Alcantara ne. Ba fata ba ne, haɗin zaren foliyesta ne da foliyuretan. Wani masani ɗan Japan, Miyoshi Okamoto na kamfanin Toray, ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1970, kuma a Italiya ake yin sa. Ba a sa masa mai ko ruwan kariyar fata. Zuƙe ƙura, ɗanyen tsumma, da burushi mai laushi da zai tayar da gashin idan ya kwanta, sun wadatar. A guji jiƙa shi sharkaf.

Ledar kujerata tana ɓarewa kamar fatar maciji. Akwai magani?

Babu mai dawo da ita. Zafi da danshi ne suka ruɓar da robar saman, ta rabu da yadin da ke ƙasa. Ko ka gyara nan, gobe gefensa zai tashi. Sai dai a canza ɓangaren.

In sa wa kujerun riga don kare su?

Idan motar aiki ce, ko kana ɗaukar dabbobi ko kaya, yana da amfani, da sharaɗi biyu. Rigar ta kasance wadda aka yi da wurin fitar jakar iska, kuma a riƙa cire ta ana share ƙasa, domin yashin da ya shiga tsakanin riga da fata ya fi rashin rigar illa. Rigar roba maras numfashi tana tara danshi, mai rini kuma tana iya zuba a fata mai haske. Kujerar yara tana barin lotsawa, yawanci tana tashi da kanta bayan kwanaki idan mota ta ɗumama. Kafin ka sa shimfiɗa a ƙarƙashinta, duba ko kamfanin da ya yi kujerar yaran ya yarda, domin shimfiɗa mai kauri tana hana ta ɗaurewa da kyau.

Zan sayi motar hannu. Ta yaya zan san an yi wa kujerun fenti don a ɓoye lalacewa?

Sake launi ba laifi ba ne idan an yi shi da kyau, amma ya kamata ka sani. Duba zaren ɗinki: a kujerar kamfani zaren daban yake, tsaf, kana ganin murɗinsa, a wadda aka fesa kuwa fenti ya rufe shi ya yi tauri. Duba ƙananan ramukan ko wasu sun toshe, duba robar gefen kujera da bakin bel ko feshi ya taɓa su. Shafa tafin hannu daga kujerar baya zuwa ta direba, idan ta direba ta fi tauri ko zanen fatarta ya shafe a wani wuri, akwai manna a ƙasa. Danna gefen da ake shiga ka ji ko soson yana turo hannunka. Sannan ka shinshina motar da safe kafin a buɗe tagogi, ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarafan da kujera ke tafiya a kansu. Tsatsa a nan tare da sababbin kujeru masu sheƙi tana iya nuna cewa motar ta taɓa shan ruwa, kuma a irin wannan hali wayoyin da ke ƙarƙashin kujerar ne ya kamata makanike ya fara dubawa.